AWON METIR DA AWON YADI: DARASI DOMIN MASU SAƘA DA MASU GIRKI

An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu. Iskar ɗari ta fara kaɗawa da asuba. Yanzu ne mata masu saƙa suke ciniki: hular jariri, safa, rigar sanyi. Yanzu ne kuma ake yawan biki da suna, masu cincin da gato ba su samun zama.

Duk waɗannan sana'o'i da awo suke tafiya. Amma a kasuwannin Nijar, musamman na bakin iyaka kamar Ɗan Isa, Magarya da Ƙonni, awo iri biyu ne yake yawo. Akwai awon metir da kilo da litir. Akwai kuma awon yadi da laba da galan. Wanda bai san bambancinsu ba yana asarar zare, yana asarar fulawa, yana asarar kuɗi. Wani lokaci ma lafiyar yaro ce take shiga haɗari.

1. RIGUNA GOMA DA AKA WARWARE

Ga misalin abin da kan faru.

A wani gari na kudancin Maraɗi akwai ƙungiyar mata masu saƙa. Wata Hajiya mai fatauci zuwa Jibiya ta kawo musu aiki. Ta ba su zaren ulu, ta ba su rabin kuɗin aiki, ta bar musu ƴar takarda. Abin da aka rubuta a takardar shi ne: «Riga 10. Ƙirji 20.»

Wata yarinya a cikinsu ta yi karatun yaƙi da jahilci. Ita ta karanta takardar. Ta ɗauko igiyar awo irin ta tela, ta nemi lamba 20. Ta ga 20 ta yi kaɗan ga zagayen ƙirji, sai ta ce lalle faɗin gaban riga ake nufi. Suka saƙa gaba santimetir 20, baya santimetir 20. Zagayen kowace riga ya zama santimetir 40.

Bayan mako biyu Hajiya ta dawo. Ta ɗaga riga guda, ta juya ta, ta ce:

«Ƴata, ai ƴan shekara guda aka ce. Wannan ko jaririn wata uku sai an matsa masa.»

Yarinyar ta ce: «Hajiya, ga awon nan, 20 cif. Ban rage ko kaɗan ba.»

Hajiya ta ce: «Juya igiyar, ki duba bayanta.»

Ta juya. Ashe akwai wasu lambobi a bayan, manya, nesa da juna. Mai aikin can Jibiya inci 20 yake nufi, zagayen riga duka. Inci 20 kuwa santimetir 51 ne. Kowace riga ta gaza da santimetir 11.

Dole aka warware riguna goma. Aikin mako biyu ya tafi a banza, kasuwa biyu ta wuce, ɗari yana ta tafiya. Yarinyar ba ta yi kuskuren karatu ba. Lambar da ta karanta daidai ce. Sunan awon ne babu a takardar, kuma ba wanda ya tambaya.

2. INA AWON NAN BIYU SUKA FITO?

Tun kaka da kakanni Hausawa suna da awonsu. Akwai taƙi da ɗani na yatsu. Akwai kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Akwai gaba, hannu biyu a miƙe. A wajen hatsi akwai tiya da mudu. Waɗannan awo suna da amfani, domin kowa yana tafe da hannunsa. Aibinsu guda ne: kamun dogo ba kamun gajere ba ne, kuma tiyar wannan kasuwa ba lalle ta yi daidai da ta waccan ba.

Turawa ma haka suke a da. A Faransa kusan kowane gari da nasa awon, talakawa suna ta kukan ana tauye su. Bayan juyin mulkin 1789, hukuma ta nemi awo guda wanda ba na hannun sarki ba, ba na hannun ɗan kasuwa ba. Aka ce a ɗauko shi daga jikin duniya kanta. Masana biyu, Delambre da Méchain, suka auna ƙasa daga garin Dunkerque zuwa garin Barcelona, daga 1792 zuwa 1798. Da wannan aka lissafa nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da tsakiyarta. Aka raba nisan kashi miliyan 10. Kashi guda shi ne metir.

Dokar metir ta fito a Faransa a 1795. Mutane ba su karɓe ta nan da nan ba, sai da aka tilasta ta daga 1840. A 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a Paris kan yarjejeniyar metir. Yau kusan duk ƙasashen duniya da shi suke aiki. Ta hanyar mulkin Faransa ya shigo Nijar.

Ingila kuwa ta riƙe tsohon awonta: inci, ƙafa, yadi, oza, laba, galan. Ta kai shi ƙasashen da ta mallaka, har da Najeriya da Gana. Gwamnatin Najeriya ta koma awon metir a shekarun 1970, can suna cewa mita da lita. Amma baki da hannu ba su saurin barin abin da suka saba. Har yanzu teloli da yawa a can da inci suke auna mutum, atamfa da shadda kuma da yadi ake sayar da su. Kalmar yadi ma ta zama sunan tufafin kansa. Ingila ita ma ta fara komawa metir daga 1965, amma tsofaffin littattafanta na saƙa da girki suna nan a kasuwa. Amurka har yau da inci da laba da galan mutanenta suke harka, kuma hotunan koyon saƙa da girki da ake kallo a wayar hannu da yawansu daga can suke fitowa.

3. SAUƘIN AWON METIR

Awon metir goma-goma yake tafiya, kamar ƙirgan yatsu.

Milimetir 10 = santimetir 1
Santimetir 100 = metir 1
Garam 1000 = kilo 1
Santilitir 100 = litir 1
Mililitir 1000 = litir 1

Kuma awon suna riƙe da juna. Litir guda na ruwa nauyinsa kilo guda ne. Rabin litir na ruwa, rabin kilo.

Awon Ingila ba haka yake ba. Kowane mataki da nasa lissafi.

Inci 12 = ƙafa 1
Ƙafa 3 = yadi 1, wato inci 36
Oza 16 = laba 1

A 1959 ƙasashe masu wannan awo suka daidaita shi da metir. Ga abin da ya kamata a haddace:

Inci 1 = santimetir 2 da rabi, da ɗan ƙari (2,54)
Yadi 1 = santimetir 91, da ɗan ƙari (91,44)
Oza 1 = garam 28
Laba 1 = garam 454

Wanda ya riƙe waɗannan layi huɗu ya gama rabin darasin.

4. IGIYAR AWO TANA DA FUSKA BIYU

Igiyar awo ta tela yawanci fuska biyu gare ta. Fuska guda tana ƙarewa a 150, lambobinta ƙanana ne, kusa da juna: wannan ita ce ta santimetir. Ɗayar tana ƙarewa a 60, lambobinta nesa da juna: wannan ita ce ta inci. Igiyar ita kanta malama ce. A ɗora yatsa a kan 20 ta fuskar inci, a juya, za a ga yatsa yana kusa da 51.

In babu igiya a kusa, ga dabara: inci 4 daidai yake da santimetir 10. Saboda haka inci 8, santimetir 20 ne. Inci 12, santimetir 30. In awon ya kai inci 20 ko 25, sai a ƙara santimetir 1 a kan lissafin.

Kuskuren yana iya zuwa ta ɗaya gefen. In takarda ta ce 46, tana nufin santimetir, aka auna da inci, rigar za ta fito santimetir 117. Rigar jariri ta zama ta ƙaton namiji, zare kuma ya ƙare tun ba a kai hannu ba.

A wajen sayen tufafi ma sai an lura. Yadi bai kai metir ba, ya gaza da kusan santimetir 9. Turmin atamfa yadi 6 ne, wato metir 5 da rabi saura kaɗan. Zane guda yadi 2 ne, wato santimetir 183. Dabarar lissafi ita ce: yadi 11 daidai yake da metir 10.

Misali: wani ɗan kasuwa yana sayar da metir dala 200. Maƙwabcinsa yana sayar da yadi dala 190. A kunne, na biyu ya fi araha. A lissafa. Metir 10 a wurin na farko, dala 2000, wato jika 10. Kafin a sami wannan tsawo a wurin na biyu sai an sayi yadi 11, dala 2090. Ashe mai araha shi ne mai tsada, da dala 90.

5. LAMBAR TSINKEN SAƘA

Tsinken saƙa da kwarashi suna da lamba. Lambar tana nuna kaurin tsinken. Tsinke mai kauri yana ba da saƙa mai sako-sako, riga ta fito babba. Siririn tsinke yana ba da saƙa mai tsauri, riga ta fito ƙarama. A nan ma ana ruɗewa, domin lambar iri uku ce.

A awon metir, lambar ita ce kaurin tsinken da milimetir. Lamba 4, milimetir 4 ke nan. Littattafan Faransa haka suke rubutawa.

A tsohon awon Ingila, lambar baya take tafiya. In lamba ta ƙaru, tsinke ya sirance. Dalili kuwa, daga masu jan waya aka aro lissafin: duk lokacin da aka sake jan ƙarfe ta ƙaramin rami, sai ya ƙara sirancewa, lambarsa ta ƙaru.

A awon Amurka, lambar gaba take tafiya, amma ba milimetir ba ce.

Milimetir 2,75 = Ingila 12 = Amurka 2
Milimetir 3,25 = Ingila 10 = Amurka 3
Milimetir 4 = Ingila 8 = Amurka 6
Milimetir 5 = Ingila 6 = Amurka 8
Milimetir 6 = Ingila 4 = Amurka 10
Milimetir 8 = Ingila 0 = Amurka 11

A dubi lamba 8. A littafin Ingila, tsinken milimetir 4 ne. A na Amurka, na milimetir 5 ne. A na Faransa, na milimetir 8 ne, ya ninka na Ingila kauri. Lamba guda, tsinke uku. Saboda haka mai sayen tsinke ta nemi inda aka rubuta mm a jikinsa. Wannan lamba ita ce ba ta canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa.

6. NAUYIN ZARE DA SAƘAR GWAJI

Dunƙulen ulu na yanzu yawanci garam 50 ne ko garam 100. Ana rubuta nauyin a takardar da ke naɗe da shi. Tsofaffin littattafan Ingila kuwa da oza suke lissafi. In littafi ya ce dunƙule 8 na oza guda, garam 227 yake nufi. Dunƙule 5 na garam 50 sun isa, har da saura. Wadda ta sayi 8 ta kashe kuɗin dunƙule 3 a banza. In kuma aka sayi zare bai isa ba, sai a koma kasuwa a tarar launin ya ƙare, ko an kawo wani mai ɗan bambanci.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan lambobi, shi ne saƙar gwaji. Hannun mata ba ɗaya ba ne. Wata tana ɗaure zare, wata tana sassautawa. Kafin a fara riga, a saƙa ɗan ƙyalle wanda ya ɗan fi tafin hannu. A shimfiɗa shi ba tare da ja ba. A ɗora igiyar awo, a ƙirga idon saƙa, wato zagayen zaren da ke hawa kan tsinke, nawa ne a cikin santimetir 10. Littafin da ya ce a ƙirga a cikin inci 4, abu guda yake nufi.

Misali: an ƙirga ido 20 a santimetir 10. Ke nan ido 2 a kowane santimetir. Ana son riga mai zagayen santimetir 52, gaba 26, baya 26. A ninka 26 sau 2. Za a ɗora ido 52 a gaba, 52 a baya. Da matan can sun tambayi sunan awon, sun kuma yi riga guda ta gwaji sun nuna wa Hajiya, da ba a warware goma ba.

7. A MADAFA: LABA BA RABIN KILO BA CE

Mai tuwo ba ta bukatar sikeli. Idonta da muciyarta sun ishe ta. Amma mai cincin, mai gato da mai burodi na sayarwa, ribarsu a awo take.

Laba garam 454 ce. Rabin kilo garam 500 ne. Bambancin garam 46 ne, a kwano guda ba ya da yawa. Amma a laba 10 ya zama garam 460, kusan rabin kilo na fulawa. Kilo guda ya ɗan fi laba 2.

Babbar ƙa'ida ita ce: kada a gauraya awo biyu a girki guda. In an fara da garam, a ƙare da garam. In an fara da oza, a ƙare da oza. Abin da yake gyara girki shi ne daidaito tsakanin kayan haɗi.

Wani gato yana nuna wannan sarai. Mutanen Ingila suna kiransa gaton laba, domin laba guda ta fulawa, laba guda ta sukari, laba guda ta bota da laba guda ta ƙwai ake haɗawa. Mutanen Faransa suna yin irinsa, suna kiransa da sunan da ke nufin kashi huɗu. Gato guda ne, suna biyu. Mai sikeli mai kwano biyu tana iya yinsa ko ba ta da duwatsun awo. Ta sa ƙwai 4 a kwano guda. Ta zuba fulawa a ɗayan har su daidaita. Ta sake yin haka da sukari, ta sake da bota. Ko ƙwan kajin gida ne ƙanana, ko na gidan gona ne manya, gaton zai fito daidai.

Masu girkin Amurka da kofi suke awo. Kofinsu kusan mililitir 240 ne, ya ɗan gaza rubu'in litir. Amma kofi cika yake aunawa, ba nauyi ba. Kofin fulawa kusan garam 125 ne. Kofin sukari kusan garam 200 ne. Kofin ruwa kusan garam 240 ne. Haka ma litir: na ruwa kilo guda ne, amma na man gyaɗa bai cika kilo ba, kusan garam 920 ne. Duk mai auna hatsi ya san wannan, domin tiyar gero ta kan kai kusan kilo 2 da rabi, tiyar dusa kuwa ba ta ko kusa.

Cokali ma awo ne. Ƙaramin cokali na shayi mililitir 5 ne. Babban cokali mililitir 15 ne, wato ƙanana 3. In an ce cokali, shafaffe ake nufi, ba mai tozo ba.

8. GALAN BIYU, ZAFI BIYU

Galan ma iri biyu ne. Ingila ta sake nata a 1824. A lokacin Amurka ta riga ta sami ƴancin kanta tun 1776, sai ta riƙe tsohon. Galan na Ingila litir 4 da rabi ne, da ɗan ƙari (4,55). Galan na Amurka bai cika litir 4 ba (3,79). Tsakaninsu akwai kashi uku cikin huɗu na litir. Kowane galan kuma ana raba shi 8, kashi guda suna kiransa fayint. Na Ingila mililitir 568 ne, na Amurka 473. Duka biyu kusan rabin litir ne kawai.

A kasuwa kalmar galan ta zama sunan bido, kowane iri. Wani litir 4 yake ci, wani 5. Mai sayen mai kada ya tsaya a kan «galan nawa?» Ya duba gindin bidon ko gefensa, ya ga litir nawa aka rubuta.

Zafin wuta ma awo biyu gare shi. Mai alamar C shi ne na Nijar: ruwa yana tafasa a 100. Mai alamar F shi ne na Amurka: ruwa yana tafasa a 212. In mai koyar da gato a waya ta ce 350, na F take nufi, kusan 180 ke nan a na C. Mai tandar gas ko ta lantarki da ta nemi 350 a awon C, gawayi za ta fitar. Lissafin shi ne: a cire 32, a ninka sau 5, a raba 9.

9. INDA KUSKURE BA NA KUƊI BA NE

Riga ana warware ta. Gato in ya ƙone, ana sake wani. Amma akwai haɗin da ake yi a madafa wanda ba ya son kuskure ko kaɗan: ruwan gishiri da sukari na yaro mai zawo.

Zawo yana tsotse ruwan jikin yaro. Wannan haɗi shi yake mayar masa da ruwan. Ƙunshin garin da ake bayarwa a likita yawanci na litir guda ne. A karanta abin da aka rubuta a jikinsa, ko a tambayi ma'aikacin lafiya, domin akwai ƙananan ƙunshi na ruwa kaɗan. In babu ƙunshin, ga haɗin gida:

Ruwa mai tsabta, litir 1
Sukari, ƙaramin cokali 6, shafaffu
Gishiri, rabin ƙaramin cokali, shafaffe

In aka zuba ƙunshin litir guda a kwalbar da ba ta wuce rabin litir ba, gishirin ya ninka ƙarfi. Maimakon ya taimaki yaro, sai ya ƙara masa wahala, har yana iya yi masa lahani. In aka ɗauki babban cokali a maimakon ƙarami, gishirin ya ninka sau 3. Ba kowace kwalba ba ce litir, ba kowane kofi ba ne rubu'in litir.

Ya kamata kowane gida ya tanadi litir na gaskiya tun kafin ciwo ya zo. A sami ledar ruwan sha wadda aka rubuta 50 cl a jikinta. Biyu su ne litir guda. A juye su a kwano mai tsabta, a karce alama a inda ruwan ya tsaya. A ajiye wannan kwano da ƙaramin cokali guda domin wannan aiki kaɗai. Abin da aka haɗa, in ya kai kwana guda, a zubar a sake sabo. A ci gaba da ba yaro nono da abinci. In zawo bai tsaya ba, ko akwai jini, ko yaro ya kasa sha, a kai shi likita ba tare da jinkiri ba. Rigakafi ya fi magani.

10. ALAMOMIN DA ZA A NEMA

A jikin kaya ba a rubuta sunan awo duka. Haruffa kaɗan ake sawa a bayan lamba.

Na metir: mm milimetir, cm santimetir, m metir, g garam, kg kilo, ml mililitir, cl santilitir, L litir.

Na Ingila da Amurka: in inci, yd yadi, oz oza, lb laba, gal galan. Wani lokaci ƴan layi biyu ake sawa a saman lamba, kamar haka: 20". Wannan ma inci ne.

Matan ƙungiyar can sun sake saƙa rigunansu, santimetir 51 kowace. Tun daga ranar suka kafa doka uku. Duk takardar aiki da ta zo, sai an tambayi mai ita: na wane awo ne? Duk lambar da za su rubuta a littafinsu, sai an sa sunan awo a bayanta. Kuma ba a fara goma sai an gwada ɗaya. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

AIKIN LISSAFI

A yi waɗannan a kan allo ko a littafi, kafin a duba amsa.

1. Takarda ta ce tsawon hannun riga inci 8. Santimetir nawa ne?
2. Littafi ya ce zare oza 6. Garam nawa ne? Dunƙule nawa na garam 50 za a saya?
3. Girki yana son fulawa laba 2. An sayo kilo 1. Garam nawa za su rage?
4. Metir dala 300, yadi dala 280. Ana son metir 10. Wanne ya fi araha, kuma da nawa?
5. A saƙar gwaji an ƙirga ido 30 a santimetir 10. Ido nawa za a ɗora domin faɗin santimetir 24?

Amsa: 1. Santimetir 20. 2. Garam 168, dunƙule 4. 3. Garam 92. 4. Metir 10 dala 3000, yadi 11 dala 3080: na metir ya fi araha da dala 80. 5. Ido 72.

TAMBAYOYIN MUHAWARA

Malamin yaƙi da jahilci ya kawo igiyar awo, kwanon litir da tiya biyu daga gidaje daban. A auna, a gwada, sannan a tattauna.

1. Waɗanne awo ake aiki da su a kasuwar garin? Waɗanne ne na gargajiya, waɗanne na metir, waɗanne na Ingila?
2. A labarin riguna goma, wa ya kamata ya ɗauki asara: mai rubuta takarda, Hajiya, ko masu saƙa?
3. Gida nawa ne a garin suke da kwanon litir mai alama? Yaya za a yi sauran su samu kafin mako mai zuwa?